Wutar Shayin Dare da Rumbun Makiyayi

Shekarar da na fara fita rigakafin bisashe a daji, mun kwana a wata ruga arewa da Dakoro, wajen Barmo. Watan Disamba ne, sanyi ya sauka da ƙarfinsa. Tun hantsi muke yi wa shanu allurar ciwon huhu, har hannuna ya sage. Da magariba ta yi aka hura wuta gaban bukkoki, aka kawo mana madara mai ɗumi a ƙwarya, dattijon rugar ya jawo furno ya ɗora shayi. Wanda bai taɓa kwana a dajin arewa cikin sanyi ba, ba zai gane darajar wannan wuta ba. A bakinta ake jin rijiyar da ta ƙafe da wadda ke da ruwa, a nan ake jin kuɗin rago a kasuwar Sakabal, a nan yara ke koyon sunayen shanun gidansu. Shanun ma matsowa suke yi su kwanta kusa suna tuƙa, dila kuma ba ya kusantar ƴan tumaki.

Da asuba muna sauri, domin akwai wata rijiyar da ake jiranmu. Na juye garwashin furno a kan tokar daren jiya, na tura rairayi da ƙafa na rufe, na rataya jakata. Har na kai bakin mota sai na ji muryar tsohuwar gidan.

"Likita, dawo."

Na dawo. Ta ɗauki sanda ta tone wurin da na rufe. A ƙarƙashi akwai busasshen kashin shanu guda, waje baƙi, ciki ja wur. Ta ɗago shi da sandar, iskar safe ta taɓa shi, ya yi haske.

"Ɗana," in ji ta, "jiya ka yi wa shanunmu allura don kada su mutu. Yau kuma za ka bar musu abin da zai cinye cimarsu?"

"Ki yi haƙuri, Inna, na ɗauka ta mutu."

"Ka taɓa ta da hannunka?"

Ban taɓa ba. Ta ɗebo ruwan wankin ƙwarya ta zuba, ta juya da sanda, ta ƙara zubawa, sannan ta sa bayan hannunta cikin tokar. Ranar su ma za su tashi, kuma taku goma daga wurin ƙarangiya ce busassa har iya ganin ido. A makaranta an koya mini auna magani da gane cuta a huhun da aka yanka. Kashe wuta kuwa a hannun tsohuwar nan na koye shi, kuma tun ranar nake lissafa shi cikin aikin lafiyar bisashe, daidai da allura.

Ciyawar arewa ba ta tohowa

Manomi in kaka ta yi yakan yanke hatsinsa, ya ɗaure, ya zuba a rumbu, ya share kewaye. Makiyayi nasa rumbun a shimfiɗe yake a fili, ba bango ba murfi. Arewa da iyakar noma, wadda dokar 1961 ta shata, ruwan shekara bai cika wuce milimita 300 ba, kuma cikin wata biyu zuwa uku yake zuba. Ciyawar da ke fita a can, ƙarangiya da komayya da gadagi da marak, kusan duk ta damana ɗaya ce. Ta tsiro a Yuli, ta zubar da iri a Satumba, ta bushe a tsaye. Abin nan da ya bushe shi ne abincin bisashe har ruwa ya sake sauka, wata takwas ko tara.

Na sha jin samari, musamman waɗanda suka yi kiwo a kudu, suna cewa ai wuta gyara daji take yi, bayanta sabon toho ke fita. A can akwai gaskiya a maganar. Wajen Gaya da cikin Najeriya akwai gamba, mai saiwa mai rai a ƙasa mai sauran laima, in an ƙona ta da wuri takan fid da ɗanyen ganye. A Abalak ko Cintabaradan ko Tanut ba abin da zai toho, domin saiwar ta mutu tare da karan. Abin da wuta za ta bari toka ce, ita ma iskar hunturu ta kwashe ta cikin kwanaki. Irin da ke saman ƙasa wani ya ƙone, wanda ya tsira kuma ya rasa abin da zai riƙe shi, iska ta tafi da shi. Ƙananan itatuwa, aduwa da kandili da jiga, waɗanda awaki da raƙuma ke dogara da su a bazara, su ma sukan tafi.

Mu ɗan yi lissafi. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busassar ciyawa kilo 6 da kwata a rana. Cikin wata tara wajen kilo 1,700 ke nan. Mu ɗauka damana ta yi kyau, hekta ɗaya ta ba da tan ɗaya. Ba duka ke shiga bakin dabba ba: gara ta ci nata, kofato ya tattake, iska ta ɗauka, abin da ke saura bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Ke nan saniya ɗaya na bukatar wajen hekta biyar ta kai damana. Filin hekta 1,000, wato kilomita uku da ɗan kai kowane gefe, tafiyar da yaro ke yi da awaki kafin hantsi, cimar shanu wajen 200 ce ta rani guda. Gobara mai iska tana gamawa da shi kafin a yi la'asar.

Shi ya sa mu ma'aikatan kiwo ba ranar gobara muke ganin yawancin gawarta ba. A Afrilu da Mayu da Yuni muke gani. Garkunan da suka rasa makiyayarsu sukan taru kan rijiya ɗaya da sauran ciyawa ɗaya, kuma inda bisashe suka cunkushe nan ciwon huhu da cutar nan ta tumaki da awaki mai zawo da majina ke samun hanya. Saniya mai ciki ta rame ta yi ɓari, ko ta haifi maraƙin da ba nonon ba shi. Yunwa ta sa dabba cin leda da tsumma da rairayi. Wasu kuma dole ta sa su gangaro kudu tun ba a saki gonaki ba, rigima da manoma ta tashi. A takarda za a rubuta yunwa ko cuta ko ɓarna, ba wanda zai rubuta sunan wutar Nuwamba.

Yadda ake hura ta, da yadda ake kashe ta

Ban ce a bar hura wuta ba. Wanda ya ce haka bai san daji ba. Kuma ba makiyayi kaɗai ke ta da gobara ba: akwai matafiya masu tsayawa shayi a bakin hanya, akwai guntun taba da aka jefo daga mota, masu cin zuma, yara masu farautar gafiya da zomo ko masu gasa fara. Amma makiyayi ne ke kwana cikin ciyawar, shi ne kuma ke biya.

Kafin a ƙyasta ashana a share wurin har rairayi, taku huɗu kowane gefe. Tura ciyawa da ƙafa ba shara ba ce. A sa hauya, a kwashe abin da aka share a kai nesa, har da busasshen kashin shanu. Iskar sanyi daga arewa maso gabas take zuwa, don haka tartsatsi yamma da kudu yake faɗawa. Wannan ɓangaren shi ya fi bukatar faɗi, kuma kada bukka ko tarin ciyawa ko dangwalin maruƙa su kasance a can. A haƙa ɗan rami kamar taƙi guda, a tara ƙasar a gefen da iska ke zuwa. Wutar da ke cikin rami ta fi cin icce kaɗan, ta fi kuma riƙe zafi, wannan duk mai dafa shayi ya sani.

Ƙaramar wuta ta isa. Yayin ƙaya da kara da ciyawa su ne masu tartsatsi, samari kuma na son zuba su don su ga harshen wuta ya tashi sama. Fetur ɗin moto kada ya kusanci wurin, balle a zuba shi don ta kama da sauri. In za a kai garwashi daga wata bukka zuwa wata, a sa a kwano mai murfi, babba ya ɗauka, domin furnon waya zubar da ƴaƴan wuta yake yi a hanya. Wani abin kuma da ya shafi rai kai tsaye: kada a shiga da gawayi mai ci cikin ɗaki ko tanti a rufe ruf a kwanta. Yana fitar da wata iska marar wari marar launi, mai kashe mutum cikin barci.

Kuskurena na ranar nan shi ne na kowa. Binne wuta ajiye ta ne. Matanmu da gangan suke rufe garwashi da toka da dare don su same shi da rai da safe, to me zai sa mu ɗauka rairayi zai kashe shi? Kashin shanu da kututture sun fi komai riƙe wuta, suna ci a ɓoye awoyi da yawa. Da asuba iska kwance take, mutum ya tashi ya tafi hankali kwance. Da hantsi ta taso, ta yaye rairayin, ta hura abin da ke ƙasa, lokacin kuwa mai wutar ya yi nisa.

In akwai ruwa, ko na wankin tukunya ne, a zuba, a juya, a ƙara. Na san ruwa a daji ba abin wasa ba ne, wani lokaci jaki ya yi rabin wuni kafin ya kawo bido biyu. In babu, a raba itatuwan ɗaya-ɗaya a goge bakin kowanne cikin rairayi har ya daina hayaƙi, a farfasa garwashin, a cakuɗa shi da ƙasa ana juyawa. Gwajin shi ne na tsohuwar nan: bayan hannu cikin toka. Aikin bai kai lokacin dafa shayi na uku ba. Kuma a san wanda aikin ke wuyansa tun dare, domin ranar ƙaura kowa na ɗaurin kaya, kowa na zaton wani ya yi.

Sai maganar yara. Yaron da wuta ta kuɓuce masa yakan gudu ya ɓuya don tsoron duka, alhali a mintunan farko mutum biyu da reshe za su iya kashe ta. A gaya wa yara tun yanzu cewa wanda ya yi kururuwa ba za a taɓa shi ba. Manya ma haka suke, don dokar gandun daji ta 2004 na hukunta mai ta da gobara, sai mutum ya yi shiru yana fatan ta mutu da kanta. Hukunci na da wurinsa, amma shirun nan ya fi tarar tsada.

Layin tsare wuta

Waɗanda ke cikin ƙungiyoyi sun san aikin share layi, wanda a takardun ma'aikata ake rubutawa pare-feu. Layi ne mai faɗin mita 15 zuwa 20 da ake kankare ciyawarsa da manjagara ko a ja reshen ƙaya da amalanke, a yanka shi ya gitta iska. Ba katanga ba ce. In iska ta yi ƙarfi tartsatsi kan tsallake shi. Amfaninsa shi ne wuta na isowa ta rasa abin ci, ta rage ƙarfi, mutane su sami inda za su tsaya su tare ta, mota ta sami hanya.

Abu biyu ke ɓata shi. Na farko jinkiri. Lokacinsa da zarar ciyawa ta bushe ne, cikin Oktoba, amma sau da yawa kuɗin aikin ba ya isowa sai an shiga sabuwar shekara, bayan wuta ta riga ta ci inda za ta ci. Wannan laifin mu ma'aikata da masu ba da tallafi muna da kasonmu a ciki. Ƙungiyar da ke da amalanke biyu da manjagara goma ba sai ta jira kowa ba: ta fara da kewayen makiyayar da take ajiyewa don bazara, ta haɗa layin da tsohuwar hanyar mota ko burtali ko fako, aikin ya ragu. Na biyu, tara ciyawar da aka share a bakin layin, wanda daidai yake da jera wa wuta icce. A kwashe ta. Layi mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin mita 20 hekta biyu ne, kuma ciyawar hekta biyu a rumbun ƙungiya dukiya ce a watan Mayu. Dokar makiyaya ta 2010 ta tsara ɗibar ciyawa don saye da sayarwa, don haka a daidaita da ma'aikatar magajin gari tun farko. Layin bara kuma ba ya aikin bana, damana ta riga ta cika shi.

In ta taso

Wanda ya fara ganin hayaƙi ya fara da waya. Lambar ma'aikacin gandun daji da ta magajin gari da ta ardo ko mai gari su kasance cikin salula tun kafin ranar, a kuma san tudun da ake samun layi. Daga nan a kwance duk abin da ke ɗaure. Maruƙan dangwali, akuyar turke, jaki da raƙumi masu dabaibayi, su ne suka fi ƙonewa, domin ba su da ikon gudu. Shanu sukan nemi hanya da kansu. Tumaki kuwa curewa suke yi wuri ɗaya su tsaya, sai an kora su.

Kada a kora garke gaba da wuta ta bi bayansa. Da iska mai ƙarfi wutar ciyawa ta fi mutum gudu, in ta kama hawan tudu kuma sai ta ƙara. A yanke gefe, a nufi inda ba ciyawa: fako, busasshen tabki, ko bakin rijiya inda kofato ya riga ya share. Inda wuta ta riga ta ci ta wuce shi ma mafaka ne. Masu kashewa su bi ta gefe da baya, da ɗanyen reshe da jiƙaƙƙen buhu da felu, suna matse ta. Tsayawa gaban bakinta da tsakar rana ganganci ne. Da dare da asuba takan lafa, lokacin ne ake cin ƙarfinta. Rigar roba da takalmin roba narkewa suke yi su manne a fata, a sa na auduga da na fata, a rufe hanci da rawani. Kunna wata wutar don ta tari wadda ke zuwa dabara ce ta gaske, amma in iska ta juya an yi gobara biyu, don haka a bar wa waɗanda suka saba. In an kashe kuma a bar masu gadi a gefen, saboda kashin shanun nan dai.

Dabbar da ta ƙone

Nan ne aikina, kuma nan ne nake ganin an fi kuskure. Mai dabba yakan duba bayanta, ya ga gashi ya babbake, hankalinsa ya tashi. Sau da yawa wannan ba komai ba ne. Wutar ciyawa ƙasa-ƙasa take bi, don haka a duba ƙasa: kofato da inda ya haɗu da fata, hantsa da kan nono, ƴaƴan maraina, cikin cinyoyi, sannan baki da hanci da idanu.

Maganin farko ruwa ne mai tsabta, a yi ta zubawa a hankali kamar minti ashirin in akwai hali. Mutum ma haka, sannan a kai shi likita. Kada a shafa baƙin man mota, ko kashin shanu, ko toka, ko garin batir. Na sha wanke irin waɗannan daga miki, kuma kullum abin da ke ƙasa ya fi ƙunar muni. Ƙaramin miki zuma tsantsa na yi masa amfani. A kai dabbar inuwa, a kawo mata ruwa da abinci har inda take, domin ƙuna na zuƙe ruwan jiki. A tsare mikin daga ƙuda kada ya yi tsutsa. Doki da jaki da rago masu zurfin miki na iya kamuwa da ciwon nan mai sandarar da jiki ya ƙulle muƙamuƙi, don haka a nemi ma'aikacin kiwo. In ya yi allura zai faɗi kwanakin da ba a shan nonon ba a cin naman, a kiyaye su. Maganin kasuwa da ba a san asalinsa ba asarar kuɗi ce a kan asara.

Hayaƙi shi ma ƙuna ne, a ciki. Saniya na iya fita ba tabo, bayan kwana biyu ko uku ta fara tari, majina na zuba, numfashi sama-sama. Wannan ba ta jira. Mai shayarwa kuma da kan nononta ya ƙone ba za ta bari maraƙi ya sha ba, ko kuma ƙofar nonon ta toshe in mikin ya warke. A riƙa tatsa a hankali, a nema wa maraƙin wata uwar ko a ba shi da hannu.

Akwai hukuncin da ba wanda ke son ji daga bakina. Dabbar da ta kasa tashi, ko wadda fatarta ta ƙone wuri mai faɗi ta yi tauri kamar ƙirgi, ko mai numfashi da ƙyar tun ranar farko, a yanka ta tun da sauran nama, kafin a yi mata allura. Na taɓa ganin wani dattijo ya yi jinyar bijiminsa mako biyu, ya sayar da tumaki ya sayi magani, ƙarshe kofaton baya biyu suka cire, ba nama ba kuɗi. Kofato ba ya nuna kansa da wuri. Dabba na iya tafiya lafiya ranar gobara, sai bayan kwanaki ya fara rabuwa da fata daga sama. Don haka garken da wuta ta ratsa a duba shi ranar, a sake dubawa rana ta uku, a kuma ɗaga ƙafafun ɗaya-ɗaya wajen kwana na goma.